An Shafe Ƙofar Mai-fenti

"Ke ce kika ɓatar min da miji! Ke ɗin nan, ke da wannan mai igiya a wuya!"

Iya ta kima tafin hannunta a kan teburin ofishin. Da ta ɗaga, sai ga shatin yatsu biyar na ɗanyen fenti a kan farin katako, wani launi da ba shuɗi ba, ba kuma kore ba. Manajan da ke kula da gidajen hayar ya ja kujerarsa baya yana kare rigarsa. Yarinyar da ke tsaye a gefensa, wadda kamfanin da ke da gidajen ya ɗauko ta tsara adon gine-ginensa har mutanen benen su Iya suka raɗa mata Mai-kwalliya, ta ƙanƙame wayarta a ƙirji.

"Mama, ki zauna ki yi mana bayani a hankali," in ji Manaja.

"Ban haife ka ba. Da ni na haife ka da ka san ba a taɓa ƙofar mutane ba sallama. Kuma ba zan zauna ba, mijina yana kan titi."

To ga yadda abin yake, don kada wani ya tashi gobe ya ce tsufa ne ya ɓatar da mutumin.

Mijin Iya mai fenti ne. Shekara hamsin yana hawa tsani da buroshi har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai-fenti, ita kaɗai ke ce masa Malam. Shekara shida ke nan mantuwa ta shige shi. Ta fara da makulli da hula, ta ci sunayen jikoki, ta zo ta ci na 'ya'ya. Ta kai in suka haɗu da Iya a bakin titi sai ya matsa ya ba ta hanya, ya ce, "Bismillah, Hajiya." Matar da ta haifa masa shida! Amma akwai abu guda da mantuwar ta kasa ci. Benen da suke haya hawa uku ne, ƙofa takwas-takwas a jere a kowace baranda, duk ruwan ƙasa, sai tasu ita kaɗai. Shi ya haɗa launinta da hannunsa tun shigarsu gidan: gwangwani uku na shuɗi, biyu na kore, a tsoma sanda cikin baƙi sau ɗaya tak a juya. Cewa yake launin zanen da ta ɗaura ne ranar da ya fara ganinta. Ita dai ba ta tuna ta taɓa mallakar zane irin wannan, amma ta bar shi da zancensa. Duk bayan shekara biyu yakan sabunta fentin, har hannu ya fara rawa ya daina. Yanzu in ya hau hawa na biyu ya hangi ƙofar nan, sai ya dafa ta da tafin hannu ya tura. Da ya shiga kuwa sai ya gane kujerarsa, ya gane kofinsa, ya gane matarsa. A bayan ƙofar nan kaɗai Iya ke da miji.

Likita ya ce kada a kulle shi, a bar masa aike guda. Kullum da safe ya sauka ya karɓo burodi a shagon kusurwa ya dawo. Shekara shida yana zuwa yana dawowa, ko sau ɗaya bai ɓata ba.

Sai ga Mai-kwalliya a watan jiya, tana bin baranda tana ɗaukar hoton komai har famfo. Ta zo ƙofar ta ja ta tsaya, ta ce, "Kai! Mama, wannan launi daga ina?" Iya kuma, da wautar wanda aka yabi abinsa, ta kawo mata kujera da ruwan sanyi, ta zayyana mata komai, har ciwon Malam ba ta ɓoye ba. Da masu fenti suka iso da bokitai aka ga launin ƙofarta za a shafa wa kowa, ta sauka ta tare yarinyar a bakin get. Ta ce, "Kowa a yi masa, ban da tawa." Yarinya ta ce, "Na ji, Mama." Kwana uku ƙofa ashirin da uku suna sanye da launin kamfani, wanda ido zai rantse irin nasu ne sak, kwana ukun nan kuma Malam yana wuce su ɗaya bayan ɗaya ya dafa tasa. Yau da sassafe Iya ta tafi layin karɓar maganinsa, ta bar shi yana neman hularsa zai je burodi. Ta dawo ta tarar da ƙofarta tana sheƙi, ɗanya sharaf, ɗaki wayam.

"Na mance ban rubuta a bar taki ba," in ji Mai-kwalliya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da masu fenti suka kira ni da safe suka ce saura ɗaya, sai na ce su ƙarasa. Amma Mama, ai launi ɗaya ne. Daga hoton ƙofarki aka haɗa shi, da na'ura."

"To aiki na'urar ta nemo min shi."

Manaja ya gyara murya. "Abin ba shi da wuya. Gobe sai a shafa wa taki ja, ta fita daban, daga ƙasa ma a hango ta."

"Ja," in ji Iya. Ta dube shi daga igiyar wuyansa har zuwa takalmi. "Mutumin da ya manta sunan 'yarsa, shi za ka zauna ka koya wa ja? Wai karatu aka aike ku ko barci?"

Idonta ya faɗa kan wani babban hoto a bango. Ƙofarta ce, ta gane ta da tsagar da ke gefen mariƙi, an sa mata tukunyar fulawa da Iya ba ta taɓa gani ba. A ƙasa akwai rubutu.

"Me aka rubuta a nan?"

Manaja ya shiga jujjuya takardun gabansa.

"Ke, karanta min. Ai don haka aka sa ki makaranta."

Mai-kwalliya ta karanta. "Launin da ke sa ka ji ka iso gida."

Iya ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta. Ta goge sauran fentin hannunta a gefen teburin.

"Ɗauki jakarki. Ke kika ɓatar, ke za ki nema."

A waje yarinyar ta nufi 'yar motarta, Iya ta ce ba ta shiga. Ta cikin gilashi ake ganin tsohon da ya raɓe a bayan shago? Da ƙafa ya tafi, da ƙafa za a bi shi. Haka suka koma benen, Iya a gaba, mayafi ya zame ba ta ko gyara ba, Mai-kwalliya a baya tana ƙwas-ƙwas da takalmi mai tsini.

A hawa na biyu warin fenti ya cika baranda. Ƙofofi takwas a jere kamar 'yan makaranta cikin riga ɗaya. A gindin ta Iya ga burodi a ledarsa, an ajiye shi a hankali. Matar Tela, maƙwabciyarsu da ke sa wa Malam ido in Iya ta fita, ta leƙo da jariri a kafaɗa, fuska duk laifi.

"Wallahi Iya ina shanya na ga ya hawo. Ya bi ƙofofin nan yana dubawa yana wucewa, har ƙarshe, ya sake dawowa. Da ya zo taku ya tsaya ya daɗe. Ya sa ɗan yatsa ya lakato, ya murza, ya shinshina. Na ce, Baba, nan ne, tura ka shiga. Ko kallona bai yi ba, sai ya ce, wa ya yi wannan aikin? Sai jaririn nan ya tsala kuka na shiga ɗaukarsa, na fito babu Baba."

"Da ɗazu na zo me ya hana ki faɗa min haka?"

"Iya, kin tsaya ne? Kina ganin ƙofa kika juya kamar guguwa."

A bakin get Maigadi ya ce shi dai ya ga fitarsa, daidai lokacin da masu fenti ke tura baronsu da bokitai, har ya buɗe musu babbar ƙofa. Ya zaci burodin ne bai isa ba.

"Idon nan naka na kwalliya ne shi ma?" in ji Iya, ta wuce.

Mai shagon kusurwa ya ce ya ba shi burodi kamar kullum, bayan nan bai sake ganinsa ba. Suka leƙa masallaci, babu kowa sai mai shara. Suka je gindin bishiyar da tsofaffi ke zama, suka ce yau bai biyo ba, wani ma har da tsiya, wai ko ya gaji da faɗan Iya ne ya gudu. Ta ce masa in ta dawo za su yi magana. Suka kutsa kasuwa, layin masu kayan gini, layin masu ƙarfe, layin masu katako. Duk hular da ta hango fara sai ta ture mutane ta isa, a juyo ta ga mijin wata. Mai-kwalliya tana ta nuna wa mutane wayarta, sai da Iya ta leƙa ta ga hoton ƙofa ne kawai take da shi, na mutumin babu.

"Kin ɗauki ƙofa sau nawa?"

"Wajen ashirin."

"Shi kuma yana zaune a ciki yana kallonki."

Rana ta take. Wayar Iya ta yi ƙara a bakin zaninta, ta kwance ta danna koren maɓalli, wanda shi kaɗai ta sani. Auta ce, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure can nesa, Matar Tela ta riga ta kira ta.

"Iya, ban ce a riƙa kulle shi ba? Sau nawa na faɗa? Yanzu in wani abu ya same shi wa za a ce?"

"Ubanki ba akuya ba ne da zan ɗaure."

"Iya, ba faɗa nake ba."

"Ni faɗa nake. Kashe wayar, ina da aiki."

Ta ɗaure wayar, amma maganar ta zauna mata a rai. Da ta jira ya dawo kafin ta tafi layin magani fa? Da ta tafi da shi? Layin ne in ba ka yi sammako ba a ce magani ya ƙare. Ta tofar da yawu ta ƙara sauri.

A shataletale mai ba da hannu ya saurare su yana kaɗa wa motoci. Tsoho? Farar hula? Ɗazu kafin azahar babur ya bugi wani, an ɗauke shi zuwa babban asibiti. Bai ga fuskarsa ba, ya dai ga takalmi guda a titi. Iya ta ce wane irin takalmi, ya ce shi ba gadin takalma aka ajiye shi ya yi ba.

Suka shiga bas. Ta cika maƙil, suka tsaya riƙe da ƙarfe, kowace tasha sai ta tsaya kamar da gangan. Mai-kwalliya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, dunduniyarta ta saɓule. Tsoro ya sa bakinta ya ƙi rufuwa.

"Mama, wallahi alheri na nufa. An koya mana cewa launin nan yana kwantar da hankali. Yana da sanyin shuɗi, yana da rai irin na kore. Shi ya sa ake sa shi a asibitoci da ofisoshi, mutum ya ji ya amince da wuri. Wasu ƙasashen ma a ƙofofi da tagogi suke sa shi tun da can, wai yana kore sharri. Shekara huɗu ina neman wanda ya zauna daidai, ban gani ba sai a ƙofarki."

Ta faɗi sunan launin, wani suna na boko da ya ƙi zama a kunnen Iya.

"Haka ake ce masa?"

"E, Mama."

"Shekara arba'in ina wanke shi da soso ban san yana da suna ba, kuma bai taɓa ɓatar da kowa ba. Ke kin san sunansa." Ta juya ga direba. "Kai ɗan nan, ƙwai ka ɗauko ne? Taka mana!"

Wata mata da ke zaune ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Iya ta ce haƙurin ya ƙare tun a layin magani.

A asibiti suka bi doguwar baranda zuwa ɗakin waɗanda aka kawo da gaggawa. Nas ta duba littafinta ta ce e, akwai tsoho, bai faɗi sunansa ba, ba wanda ya zo nemansa. Ta kai su gaban wani labule. Iya ta tsaya. Ta ce wa Mai-kwalliya, "Ja." Yarinyar ta ja labulen.

Wani dattijo ne mai gemu, kansa a naɗe, yana numfashi da baki. Malam bai taɓa ajiye gemu ba, cewa yake fenti ke maƙalewa.

"Ba shi ba ne," in ji Iya. Ta daɗe tana kallon mutumin. "Wannan kuma na wace ce? Ita ma tana can tana yawo."

Ta fito ta zube a kan benci. Tun safe sai yanzu ta zauna. Mai-kwalliya ta tsuguna a gefe tana kuka marar sauti, hawaye ya jawo baƙin kwallinta har haɓa. Iya ba ta lallashe ta ba. Ta zuba wa bangon da ke gabanta ido, sai a lokacin ta lura shi ma launin ne, daga ƙasa zuwa ƙugu. Har nan ya biyo ta. Mai kwantar da hankali! Ga mutane jere a benci, wa hankalinsa ya kwanta?

"Kore ya yi yawa," ta ji bakinta ya faɗa.

Ba maganarta ba ce, ta Malam ce. Duk inda suka shiga, gidan suruki, ofishin likita, gidan gaisuwar mutuwa, sai ya ɗaga kai ya dubi bango ya yi tsaki. Ranar ɗaurin auren babban ɗansu aka neme shi aka rasa, ashe yana bayan gida yana yi wa wani mai fentin maƙwabta faɗa a kan ya bar sawun buroshi. Mutumin nan bai taɓa ganin aikin banza ya wuce ba, sai ya nemi mai shi.

Wa ya yi wannan aikin?

Iya ta miƙe zumbur. "Ke! Masu fentinku, da suka tura baronsu ina suka nufa?"

"Ɗaya benen kamfani, na bayan kasuwa. Yau za su fara can."

"Kina da lambarsu tun safe?"

Mai-kwalliya ta dubi wayarta, ta dubi Iya, bakinta a buɗe. Ta danna, aka yi ta ringi ba a ɗauka ba. Iya ta riga ta kai ƙofa.

La'asar ta kusa suka isa. Tun daga get suka ji muryarsa, ba irin ta 'yan shekarun nan mai laluben kalma ba, tsohuwar muryarsa ta kan tsani. Yana zaune a kan bokitin da aka kifa, hula a karkace, hannun riga a naɗe, yana juya fenti da sanda. Ƙarti huɗu sun kewaye shi, wayoyinsu na can cikin riguna a rataye. Babbansu, wani ƙato da fenti har a gira, ya taso da ya ga Mai-kwalliya.

"Hajiya, ku kuka turo mana wannan? Tun hantsi ya biyo mu, ya ƙwace sanda, ko ƙofa ɗaya bai bari mun shafa ba. Mun zaci mai duba aiki ne daga kamfani. Amma fa tsohon ya san abu. Ya ce namu ya yi haske kamar rigar jarirai, babu baƙi a ciki. Ya sa aka samo, ya tsoma sanda sau ɗaya. Zo ki gani, wallahi kamar an zuba masa nauyi."

"Sau ɗaya," in ji Malam, bai ɗago ba. "Biyu ya mutu. Kuma ku, wa ya koya muku shafa sabo a kan tsoho ba ku goge ba? Ko takardar yashi ba ku sa wa ƙofar mutane ba. Kun zo kun lulluɓe ta kamar masu gudun ruwa."

Iya ta zo da niyyar ta rungume shi ko ta rufe shi da faɗa, ba ta ma yanke ba. Maganar ta tsayar da ita. Ta juya ga ƙaton.

"Da gaske ba ku goge ba?"

Ya sosa ƙeya. "An ce mu gama da wuri ne, Hajiya."

"Allah na gode maka da ka yi su malalata. Ba ni kananzir da tsumma."

Matar mai fenti ce, ta san fentin mai na yau bai kama ba, kananzir zai ɗauke shi, na shekara shida kuwa ya zama ƙashi. Ƙaton ya cika mata gora. Sannan ta matsa gaban mijinta. Ya ɗago ya dube ta da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

"Sannu, Hajiya."

Ta san in ta ce mu je gida zai ce bai gama aiki ba, kuma ba ya bin matar da bai sani ba. Sai ta gyara tsayuwa kamar mai neman ma'aikaci.

"Kai ne Mai-fenti?"

"Ni ne."

"Ina da ƙofa, wasu sun ɓata min ita. An ce kai kaɗai za ka iya."

"Katako ko ƙarfe?"

"Katako."

"Hawa na nawa?"

"Na biyu."

"To ba sai na ɗauki tsani ba." Ya miƙa wa ƙaton sandar, ya goge hannu a tsumma yatsa bayan yatsa. "Kada ku taɓa komai sai na dawo."

Haka suka ratso kasuwa, shi a gaba yana tafiyar mai zuwa aiki, Iya a baya da gorar kananzir, idonta a ƙeyarsa, Mai-kwalliya a ƙarshe ba takalmi. Maigadi ya buɗe baki zai yi barka, Iya ta harare shi ya rufe.

A hawa na biyu maƙwabta sun fito sun jeru. Iya ta jiƙa tsumma, ta miƙa wa yarinyar.

"Daidai ƙirji. Fara."

Mai-kwalliya ta ajiye wayarta a ƙasa, ta kama. Jan farcenta na kanti ya narke tare da fentin, ba ta tsaya ba. Malam ya goya hannu a baya yana duba aiki.

"A hankali, yarinya. Zagaya hannu, ba kankara aka ce ki yi ba. Sake tsumma, wannan ya sha."

Launin kamfani ya fara kwaranya. A ƙarƙashinsa wani ya leƙo, mai duhu kaɗan, marar sheƙi, mai zurfi kamar ruwan rijiya da rana ta leƙa. Faɗin faranti, faɗin tire. A tsakiya ga wani wuri da ya koɗe ya yi santsi, inda tafin hannu ɗaya ya shekara shida yana sauka.

Malam ya sauke hannayensa daga baya. Ya matso, yarinyar ta kauce. Ya ɗora hannunsa a wurin, ya zauna daidai. Ya tura ya shiga.

Aka ji ƙarar kujera, aka ji an ɗaga kofi an ajiye.

"Gajera!" in ji muryar daga ciki, da sunan da shi kaɗai ke kiran Iya da shi. "Ina kika shiga tun safe? Shayin nan ya huce."

Matar Tela ta juya fuska tana jijjiga jaririn da ba kuka yake ba. Sai da Iya ta ja numfashi sau biyu sannan ta amsa.

"Ina zuwa, Malam. Wa ya ce ka bar burodi a ƙasa?"

Ta sunkuya za ta ɗauki burodin ke nan, sai ga takun takalmi a matattakala. Manaja ne, yana haki, da takarda a hannu. Ya dubi ƙofar, rabi sabo rabi tsoho, kananzir na ɗiga, ya dubi Mai-kwalliya da ta sake jiƙa tsumma ta koma aiki.

"Na ji an gan shi, alhamdu lillahi. Amma wannan fa ba zai yiwu ba. Takarda ta ce duk ƙofofi iri ɗaya. Ni ba ni na ce ba, Mama, daga sama aka sa hannu. Ranar Litinin dole a sake shafawa."

Iya ta miƙa wa Matar Tela burodin ta ce ta kai ciki. Ta jawo kujerar da ta taɓa kawo wa Mai-kwalliya, ta dasa ta a tsakiyar ƙofa, ta zauna, ta gyara mayafinta karo na farko tun safe.

"Wannan ta yi laifi, ga ta nan tana gogewa da farcenta. Waɗancan malalatan ma na ga fuskarsu. Kai kuma ka ce ba kai ba ne, na sama ne. To, ba ni da karatu, amma na san hannu ba ya sa kansa a takarda. Ka koma ka gaya wa mai hannun, ya hawo matattakalar nan da ƙafarsa, ya leƙa ya dubi tsohon da ke ciki, sannan ya dube ni ya gaya min in an shafa ranar Litinin, wa zai nemo shi ranar Talata. Yinin yau ma ban yafe ba. Ina nan zaune. A zo a amsa min."